A fara ɗaure kashe kuɗin gwamnati kafin a rage haraji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan muhawarar haraji da kashe kuɗin gwamnati. Ina cikin masu ra'ayin a sakar wa kasuwa mara, a bar wa mutum mafi yawan abin da guminsa ya samar masa. Sai dai abin da ke damuna shi ne da yawa daga cikinmu sun tsaya a kan kira guda, a rage haraji, kamar da zarar an rage an gama. Rage haraji shi ne ɓangare mai sauƙi, kowane ɗan siyasa yana iya yin sa cikin yini ɗaya. Idan ba a riga an ɗaure hannun masu kashe kuɗi ba, ragin ba ya ɗorewa, kuma idan ya rushe yakan tafi da mutuncin ra'ayin gaba ɗaya.

Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya sha nanata cewa ainihin nauyin da gwamnati ke ɗora wa jama'a shi ne abin da take kashewa. Hanyoyin biyan wannan kuɗi uku ne kacal: haraji, bashi, ko buga sabon kuɗi. Bashi haraji ne da aka ɗage zuwa gaba, ga kuma kuɗin ruwa a kai. Ƙasar da bashinta ya kai kashi 60 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, idan tana biyan ruwa kashi 5, to duk shekara kashi 3 na arzikinta yana tafiya a ruwa kaɗai. Idan masu ba da bashi suka tsorata suka ɗaga ruwan zuwa kashi 10, ya zama kashi 6, ba tare da an gina ko aji ɗaya na makaranta ba. Buga kuɗi kuwa yana dawowa ne a matsayin hauhawar farashi, kuma shi ne harajin da ya fi zalunci, domin mai albashi da mai ɗan ajiya a banki su ne ke biya, mai gidaje da hannayen jari kuwa kadararsa tashi take yi.

An ga abin da ke faruwa idan aka yi watsi da wannan lissafi. A 2012 jihar Kansas ta Amurka, ƙarƙashin Gwamna Sam Brownback, ta sauke harajin kuɗin shiga mafi girma daga kashi 6.45 zuwa 4.9, ta kuma ɗauke shi baki ɗaya daga ribar ƙananan kamfanonin da kuɗinsu ke wucewa kai-tsaye aljihun masu su. Ba a rage kashe kuɗi daidai da haka ba. Kuɗin shiga suka faɗi, aka shiga ɗibar kuɗin gyaran hanyoyi ana cike giɓi, sannan a 2017 majalisar jihar, wadda jam'iyyar gwamnan ce ke da rinjaye a cikinta, ta soke mafi yawan ragin duk da ƙin amincewarsa. A Birtaniya ma, ranar 23 ga Satumban 2022 gwamnatin Liz Truss ta sanar da ragin haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da faɗin inda za a rage kashewa ba. Cikin 'yan kwanaki fam ya faɗi warwas, ruwan bashin gwamnati ya yi sama, Babban Bankin Ingila ya shiga sayen takardun lamuni don ceto asusun fansho, kuma ranar 20 ga Oktoba ta sanar da murabus.

Akwai masu cewa a rage harajin kawai, in kuɗi suka yi ƙaranci dole gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Gwamnatin da ke da ƙofar cin bashi a buɗe ba ta tsukewa. A Amurka, zamanin Shugaba Ronald Reagan, an sauke harajin kuɗin shiga mafi girma daga kashi 70 zuwa 50, daga baya zuwa 28, amma bashin tarayya ya kusa ninkawa uku cikin shekara takwas. Dalili a fili yake: idan mutum yana karɓar hidimar gwamnati ta ɗari amma ana cajin sa tamanin, zai ga abin da araha, sai ya nemi ƙari.

Gaskiya ne cewa haraji mai tsanani yana kashe kansa. Ibn Khaldun ya rubuta tun 1377 cewa a farkon daula ana aza haraji kaɗan a tara mai yawa, a ƙarshenta kuma a aza mai yawa a tara kaɗan, domin mutane sun daina ganin ribar noma da fatauci. Shi ne abin da masanin tattalin arziki Arthur Laffer ya sake fito da shi a shekarun 1970. Amma a lura da iyakar maganar. Saukewa daga kashi 70 zuwa 50 yana ɗaga abin da ke rage wa mutum daga 30 zuwa 50 cikin kowace ɗari da ya ƙara samu, wato ƙarin kashi biyu cikin uku, kuma wannan yana sauya halin mutane sosai. Saukewa daga 25 zuwa 20 kuwa yana ɗaga shi ne daga 75 zuwa 80 kawai. Irin wannan ragi yana iya dawo da wani ɓangare na kuɗin da aka rasa, amma duk wanda ya yi alkawarin zai dawo da duka, yana yi wa jama'a alkawarin da lissafi bai goyi bayansa ba.

Abin da ya kamata a gyara a haraji shi ne siffarsa. Adam Smith ya kafa sharuɗɗa huɗu a 1776 waɗanda har yau ba su tsufa ba: kowa ya biya gwargwadon ƙarfinsa, abin da za a biya ya zama sananne ba ya hannun son ran mai karɓa, a karɓa a lokaci da hanya mai sauƙi, kuma tsadar karɓar kada ta cinye abin da aka karɓa. Masana tattalin arziki sun ƙara da wata ƙa'ida da ta cancanci kowane ɗan majalisa ya haddace ta. Ɓarnar da haraji ke yi wa ciniki, wato cinikin da aka fasa saboda harajin, ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawansa. In aka ninka harajin sau biyu, ɓarnar tana ninkuwa kusan sau huɗu. Saboda haka haraji kashi 10 a kan kowa da komai ya fi kashi 20 a kan rabin mutane sauƙin illa nesa ba kusa ba, ko da yake kuɗin da za su tara ɗaya ne.

Nan ne afuwar haraji ke shigowa. Duk afuwar da aka yi wa wani rukuni, sauran ne ke biya ta hanyar ƙarin kaso. New Zealand ta fahimci haka. Ranar 1 ga Oktoban 1986, ƙarƙashin ministan kuɗi Roger Douglas na jam'iyyar Labour, ta kafa harajin saye da sayarwa na kashi 10 a kan kusan komai, har da abinci, ta kuma sauke harajin kuɗin shiga mafi girma daga kashi 66 zuwa 48, sannan zuwa 33, ta tallafa wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi da kuɗi kai-tsaye. Birtaniya ta bi wata hanyar, ta cire VAT, wato nata harajin saye da sayarwa, daga yawancin abinci amma ta bar shi a kan wasu, har ta kai a 1991 sai da kotun haraji ta zauna don tantance ko Jaffa Cakes kek ne ko biskit, domin kek ba ya biyan VAT, biskit mai cakulan kuwa yana biya. Lauyoyi da jami'ai sun ɓata lokaci da dukiya a kan wannan tambaya, kuma kowace afuwa tana haifar da irin wannan iyaka da za a yi ta jayayya a kanta. Ga shi kuma cire haraji daga abinci ya fi amfanar mai kuɗi idan aka ƙirga tsabar kuɗi, tunda shi ne ya fi sayen abinci mai tsada. Wanda ke son taimakon talaka ya miƙa masa kuɗin a hannu, ya fi araha kuma ya fi isa gare shi.

Amurka ta yi irin wannan gyara a 1986 da haɗin kan jam'iyyun biyu. An toshe hanyoyin ɓoye kuɗi da dama, an sauke harajin kamfanoni daga kashi 46 zuwa 34, aka tsara dokar yadda jimillar kuɗin shiga ba za ta ragu ba. Abin da ya biyo baya darasi ne: a 1990 harajin kuɗin shiga mafi girma, wanda aka sauke zuwa 28, ya koma 31, a 1993 ya kai 39.6, afuwoyi kuma suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya bayyana dalilin tun 1965. Idan afuwa za ta ba kamfanoni goma miliyoyi, su goman za su tare a ƙofar majalisa dare da rana. Miliyoyin mutanen da za a raba wa asarar kuwa, kowannensu abin da zai rasa bai kai ya ɓata yininsa ba. Maganin da na sani shi ne doka ta tilasta wa ma'aikatar kuɗi ta buga, tare da kasafin kowace shekara, jerin duk afuwar haraji da kuɗin da kowacce ta jawo aka rasa, kuma kowace afuwa ta mutu da kanta bayan shekara uku ko biyar sai in majalisa ta sake kaɗa mata ƙuri'a a bainar jama'a.

Game da haraji na bai-ɗaya, wato kaso guda ga kowa, ana yawan zarginsa da danne talaka, alhali lissafin bai nuna haka ba muddin an ware wani kaso na farko da ba a taɓawa. A ɗauka an yafe 20,000 na farko, a kowane irin kuɗi ne, sauran kuma a biya kashi 20. Mai samun 30,000 zai biya 2,000, ƙasa da kashi 7 na samunsa. Mai 100,000 zai biya 16,000, kashi 16. Mai miliyan ɗaya zai biya 196,000, kusan kashi 20. Estoniya ta fara wannan tsari a 1994 da kashi 26, kuma tun 2000 ba ta cajin kamfani haraji a kan riba sai ranar da ya raba ta ga masu hannun jari, don haka ribar da aka mayar cikin injina da ma'aikata ba a taɓa ta. Abu ɗaya da ake mantawa: dole doka ta riƙa ɗaga wancan kaso da aka yafe daidai da hauhawar farashi duk shekara. In ba haka ba, albashi zai tashi a takarda, ƙarfin saye bai ƙaru ba, amma harajin ya ƙaru ba tare da wani ɗan majalisa ya ɗaga hannu ba.

Yanzu ga ɓangare mai wuya, kuma a nan nake roƙon masu karatu su dakata.

Da farko a san ma'anar "ragi" a bakin masu kasafi. Ma'aikata ta kashe 100 bara, an yi hasashen za ta kashe 108 bana, sai aka ba ta 105. Za a sanar cewa an rage mata 3, alhali an ƙara mata 5. Duk wata dokar taƙaita kashe kuɗi da ba ta auna kanta da abin da aka kashe a zahiri bara ba, an gina ta a kan yashi.

Sannan a zaɓi abin da za a ɗaure. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure giɓin kasafi maimakon kashewar kanta. Giɓi yana rawa da yanayin tattalin arziki: in kasuwa ta buɗe kuɗin shiga su yi yawa, dokar ta ƙyale a yi facaka, in kasuwa ta tsuke kuma ta tilasta yanka a lokacin da jama'a suka fi buƙata. Dokar Gramm-Rudman-Hollings ta Amurka ta 1985 ta sa wa'adin kawar da giɓi nan da 1991. Sai aka koma hasashen kuɗin shiga na fatar baki da sauya ranakun biya daga wannan shekara zuwa waccan, aka ɗage wa'adin a 1987, aka watsar da tsarin a 1990. Wanda ya maye gurbinsa ya sa rufi a kan kashewa kai-tsaye, ya kuma wajabta cewa duk sabon alkawari ko ragin haraji sai an nuna inda kuɗinsa zai fito. Wannan yana cikin abubuwan da suka kai ga rarar kasafi daga 1998 zuwa 2001.

Suwidin, bayan rikicin bankuna na farkon shekarun 1990, ta kafa rufin kashe kuɗi a 1997. Ana tsayar da jimillar shekara uku kafin lokaci, sa'ad da ba wanda ya san wa zai ci moriya. Majalisa tana fara kaɗa ƙuri'a kan jimillar da rabonta zuwa fannoni 27, daga baya ne ake shiga ciki dalla-dalla. Saboda haka ɗan majalisar da ke son ƙara wa wani aiki kuɗi sai ya nuna wanda za a rage wa a cikin fanni ɗaya. Ana kuma barin ɗan sarari tsakanin kasafi da rufin saboda abin da ba a zata ba. Siwizalan ta sa nata birkin cin bashi a kundin tsarin mulki bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 2001, inda kusan kashi 85 suka amince, ya fara aiki a 2003. Rufin kashewa shi ne kuɗin shigar da ake sa ran samu, a daidaita shi da yanayin tattalin arziki, yadda a shekarar albarka dole a yi rara, a shekarar fari a yarda da ɗan giɓi. Duk abin da aka wuce da shi ana rubuta shi a wani asusu na musamman, kuma wajibi ne a biya shi a shekaru masu zuwa. Wannan asusun shi ne haƙorin dokar, domin ba ya barin a manta da kuskuren hasashe. Ƙasar da ta dogara da ma'adini guda kuwa ta dubi Chile, wadda tun 2001 take barin kwamitin masana masu zaman kansu su ƙiyasta farashin tagulla na dogon zango, a gina kasafi a kansa, a ajiye rarar. Da wannan ajiya ta tallafi tattalin arzikinta a 2009.

Dokokin nan ma suna da inda suke yoyo. Jihar Colorado ta Amurka ta kafa doka a 1992 cewa kuɗin gwamnati ba za su ƙaru fiye da hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a ba, rarar a mayar wa masu biya, sabon haraji kuma sai an tambayi masu zaɓe. Matsalar ita ce ana auna kowace shekara da wadda ta gabace ta, don haka da kuɗin shiga suka faɗi a koma-bayan 2001, rufin ya sauka ya maƙale a can ƙasa, har a 2005 masu zaɓe suka dakatar da shi na shekara biyar. Da an auna da rufin bara maimakon kuɗin da aka samu bara, da ba a shiga wannan ba. Jamus ta taƙaita giɓin tarayya a kashi 0.35 na arzikin ƙasa a 2009, amma gwamnatoci suka koma buɗe asusai na gefe, har a Nuwamban 2023 kotun tsarin mulki ta soke karkatar da yuro biliyan 60 na bashin korona zuwa asusun sauyin yanayi. Rufin da bai haɗa da kamfanonin gwamnati, asusai na musamman, lamunin da gwamnati ta tsaya wa wasu, da kuɗin 'yan kwangila da aka ƙi biya ba, kashewar za ta koma can ne kawai. Ƙofar gaggawa kuma dole ta kasance, saboda yaƙi da annoba, amma a buɗe ta da rinjaye na musamman, a rubuta jadawalin biya a rana guda.

Saura tambayar me za a yanke. Yanka na bai-ɗaya, a ce kowace ma'aikata ta rage kashi 10, shi ne mafi muni, domin yana hukunta mai tsimi da mai almubazzaranci daidai wa daida. Kuma in aka bar wa ma'aikatu zaɓi, gyaran hanyoyi da kula da injina da sayen magani suke fara yankewa, tunda kwalta ba ta yajin aiki, albashi da alawus kuwa a bar su. Bayan shekara biyar gadar da ba a gyara ba sai an sake gina ta da ninkin kuɗi. Kanada ta yi abin da ya dace a kasafin 1995, ƙarƙashin Firaminista Jean Chrétien da ministan kuɗi Paul Martin. An bi shirye-shirye ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi shida, ciki har da ko shirin yana amfanar jama'a, ko aikin gwamnati ne, ko wani mataki na ƙasa ko 'yan kasuwa za su fi iya shi, da ko ana da kuɗinsa. Wasu ma'aikatu, kamar ta sufuri, aka zaftare su sosai, wasu aka ɗan taɓa su. An rage guraben aikin tarayya kusan 45,000, an soke tallafin kamfanoni da dama. A kasafin 1997 zuwa 1998 aka samu rara, sai a 2000 aka sanar da ragin haraji na dalar Kanada biliyan 100 cikin shekara biyar, kuma wannan ragin ya zauna. Aibin da ba za a ɓoye ba shi ne an rage kuɗin da ake tura wa larduna, nauyin ya faɗa kan asibitocinsu. Tura wa ƙaramar gwamnati aiki ba tare da kuɗinsa ba, ko ikon tara nata, ba tsimi ba ne.

Ga masu tsoron cewa talaka ne zai sha wuya, tsoronsu yana da tushe idan aka yi yankan da ka. Shi ya sa nake ganin a fara da tallafin kamfanoni, da kamfanonin gwamnati masu asara duk shekara, da hukumomi biyu masu aiki ɗaya, da tallafin farashi na kowa da kowa wanda mai motoci uku ya fi mai tafiya a ƙasa cin gajiyarsa. Mai ra'ayin kasuwa da ya yi shiru kan waɗannan ya tafi kai-tsaye kan kuɗin jinyar marasa galihu, ya ba abokan hamayya hujjar da ba zai iya karyawa ba.

Roƙona gare ku, ya Edita, duk lokacin da za ku kawo labarin kasafi ko na ragin haraji, ku buga wa masu karatu abin da aka kashe a zahiri bara kusa da abin da ake nema bana, da kason kuɗin shiga da ke tafiya a ruwan bashi, da jimillar afuwar harajin da aka bayar da rukunan da suka ci moriyarta. Idan ministan kuɗi ya ce zai rage haraji, wakilinku ya tambaye shi sunan shirin da zai rufe da watan da zai rufe shi, a kuma buga amsar yadda ya ba da ita.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu